Digirin Digirgir a Kimiyyar Siyasa: Tsarin Amurka ko na Turai?

Sunan digirin ɗaya ne, amma hanyoyin zuwa gare shi sun sha bamban ƙwarai. Wanda ya gama digirin digirgir a kimiyyar siyasa a Amurka da wanda ya gama a Ingila, ko Holand, ko Jamus, duk Dokta za a kira su. Sai dai na farkon ya kwashe shekara biyu cur yana zaman aji, yana aikin gida, yana rubuta jarrabawa, kafin a bar shi ya taɓa kundinsa. Na biyun kuwa tun watan farko aka nuna masa tebur aka ce ga wuri nan, fara bincikenka. Yawancin masu neman gurbi suna ɓata lokaci wajen duba jerin jami'o'in da suka fi suna, alhali tambayar da ke raba gardama ita ce wannan: a yau da kake cike fom, kana da tambayar bincike da ta nuna, kana kuma da kayan aikin amsa ta? In e, Turai za ta rage maka shekaru. In kuwa da saura, tsarin Amurka domin irinka aka gina shi.

Akwai abin da ya kamata a kawar tukuna. Wannan digiri horon bincike ne. Mai son aiki a ma'aikatar gwamnati, ko ofishin jakadanci, ko ƙungiyar agaji, digiri na biyu a fannin manufofin gwamnati ko hulɗar ƙasashe, na shekara ɗaya ko biyu, ya ishe shi a mafi yawan lokuta. Son sauraron labarai da iya muhawara kan zaɓe ma ba su ne ake aunawa ba. Mai sharhi zai ce talauci ne ke jawo juyin mulki, ya wuce. Ɗalibin digirgir sai ya faɗi abin da yake nufi da talauci, yadda zai auna shi, a ƙasashe nawa, cikin waɗanne shekaru, da abin da in ya gani zai yarda cewa hasashensa kuskure ne. Wanda irin wannan ƙwanƙwance ke gundura, shekarun za su yi masa tsawo ko a wace ƙasa ce.

Yadda tsarin Amurka yake

Ana shiga da digiri na farko kawai, ko da yake da yawa suna zuwa da na biyu a hannu. Wa'adin da aka saba gani shi ne shekara 5 zuwa 7. Wanda ya zo da digiri na biyu kada ya sa ran za a yafe masa kwasa-kwasai da yawa. Galibin sassa sai ya bi layi daga farko kamar kowa, su kuma su ba shi nasu digiri na biyun a kan hanya.

Shekara biyun farko na aji ne. Sashen yakan kasu zuwa fannoni: siyasar Amurka, siyasar kwatance tsakanin ƙasashe, hulɗar ƙasa da ƙasa, falsafar siyasa, da dabarun bincike. Ɗalibi zai zaɓi babban fanni ɗaya da ƙarami ɗaya. Kafin ma a buɗe zangon farko, sassa da dama suna shirya zaman lissafi na mako ɗaya ko biyu, inda ake bitar aljabara, kalkulas da lissafin yiwuwa. A nan ne wanda ya rabu da lissafi tun sakandare yake gane inda ya faɗo. Daga nan sai jerin kwasa-kwasan ƙididdiga, ana aiki da manhajoji irin su R da Stata, ana koyon yadda ake rarrabe abubuwan da suka zo tare kawai da abin da ya haddasa wani. A gefe guda kuma ga darussan karatu, inda littafi guda ko maƙaloli biyar zuwa shida a mako ga kowane kwas ba abin mamaki ba ne.

A ƙarshen shekara ta biyu ko farkon ta uku ake babbar jarrabawar fanni. Wasu sassa a rubuce suke yin ta, wasu su haɗa da ta baka. Manufarta a tabbatar ɗalibi ya san muhawarorin fanninsa gaba da baya, har zai iya koyar da shi. Wanda ya faɗi akan ba shi dama ta biyu; in ya sake faɗi, sai a sallame shi da digiri na biyu. Bayan jarrabawa sai daftarin bincike, wanda ake karewa a gaban kwamitin malamai uku zuwa biyar. Da ya tsallake wannan, ba abin da ya rage masa sai kundi, kuma abin mamaki a nan ne mutane suka fi maƙalewa. Shekara uku ana gaya maka abin da za ka karanta da ranar da za ka miƙa aiki, rana ɗaya sai a cire duk wannan a bar ka da kanka. Wanda bai kafa wa kansa jadawalin rubutu ba, sai ya wayi gari shekara ta shida ta shigo, tallafi ya ƙare, babi biyu kacal ke hannu.

Amfanin wannan doguwar hanya a fili yake. Kana da damar sauya ra'ayi. Mutum zai shigo da niyyar nazarin yaƙin basasa, ya zauna a wani aji ya ga ashe harajin ƙananan hukumomi ne ya fi jan hankalinsa, kuma ba wanda zai tuhume shi, domin sashen ne ya ɗauke shi, ba malami ɗaya ba. Haka ma in suka saɓa da malamin da ke duba aikinsa, akwai wasu a kwamiti, kuma sauya shugaban kwamiti abu ne da ake yi.

Ingila: gajeriyar hanya mai buƙatar shiri

A Ingila da sauran Birtaniya wa'adin cikakken ɗalibi shekara 3 zuwa 4 ne, kuma kusan ko'ina sai da digiri na biyu mai kyakkyawan sakamako. Ginshiƙin neman gurbi shi ne daftarin bincike, wanda jami'o'i da yawa ke so ya kai kalma 1,500 zuwa 3,000: tambaya, giɓin da ke cikin rubuce-rubucen da aka riga aka yi, hanyar bincike, inda za a samo bayanai, da jadawalin shekara uku. Kafin a tura, al'ada ce a rubuta wa malamin da ake so ya duba aikin, a ji ko yana da gurbi da sha'awa. Saƙon da ya fi samun amsa gajere ne, ya ambaci wata maƙala ta malamin da aka karanta da gaske, ya nuna inda binciken mai nema zai ɗora a kanta, ya haɗa da daftari mai shafi biyu. Saƙon da aka tura wa malamai ashirin da lafazi ɗaya ana gane shi tun daga layin farko.

Jami'o'i da dama suna fara yi wa ɗalibi rajista a matakin MPhil, wato digirin bincike da ke ƙasa da na digirgir, sai wajen ƙarshen shekarar farko ya miƙa babi ɗaya ko biyu, kwamiti ya zauna da shi, sannan a ɗaga shi zuwa cikakken ɗalibin digirgir. Akwai kwasa-kwasan dabarun bincike, amma ba su kai na Amurka yawa ko zurfi ba, sai a wurare irin su LSE, makarantar tattalin arziki da kimiyyar siyasa ta Landan, da ke haɗa digirin bincike na share fage da na digirgir a tsari ɗaya. Kundi yakan tsaya tsakanin kalma 80,000 da 100,000, gwargwadon dokar jami'a. A Oxford sunan digirin DPhil, amma abu ɗaya ne.

Ƙarshen tafiya ita ce jarrabawar baka da suke kira viva. Ɗaki ne a rufe, da masu jarrabawa biyu, ɗaya daga cikin jami'ar, ɗaya daga waje, kowanne da kundin a gabansa cike da alamomi. Malaminka ba shi da ƙuri'a. Za a iya kwashe awa biyu ko uku ana bin shafi bayan shafi: me ya sa ka zaɓi waɗannan ƙasashe huɗu ka bar ta biyar, ina hujjar wannan jimla ta shafi na 143. Sakamakon da aka fi gani shi ne an ci amma da ƙananan gyare-gyare, a ba da kamar wata uku. Akwai manyan gyare-gyare na wata shida zuwa shekara, akwai a ce a sake miƙawa, akwai kuma a ba mutum MPhil a maimakon abin da ya zo nema. Zaɓen mai jarrabawa na waje, wanda malami da ɗalibi sukan tattauna a kai, yana da nauyi fiye da yadda sababbin ɗalibai ke zato. In kundinka na hira da mutane ne da tonon takardun tarihi, aka kawo maka wanda bai yarda da komai ba sai lambobi, ranar za ta yi zafi.

Raunin tsarin shi ne ƙarancin lokaci. Shekara uku ba ta da wurin ɓata. In binciken fili ya gamu da cikas, misali an hana izinin shiga ƙasar da za a yi nazari, ko rikici ya ɓarke a yankin, wata shida sun tafi, kuma babu inda za a samo madadinsu.

Nahiyar Turai: ɗalibi ko ma'aikaci

A Holand, Suwidin, Denmak da Norwe, mai digirin digirgir galibi ma'aikacin jami'a ne. Ana tallata gurbin kamar kowane aiki, a yi intabiyu, a sa hannu a kwantiragi, a riƙa biyan albashi da kuɗin fansho da hutun haihuwa. A Holand da Suwidin shekara 4 ne, a Denmak 3, a Norwe 3 ko kuma 4 in an haɗa da koyarwa ta kashi 25 cikin ɗari na lokacin aiki. Ga mai iyali, wannan shi ne tsari mafi kwanciyar hankali cikin duka.

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da yawa daga waɗannan gurabe suna cikin babban aikin bincike ne da wani farfesa ya samo wa kuɗi, misali daga Majalisar Bincike ta Turai. An riga an tsara tambayar, wani lokaci har da ƙasashen da za a nazarta da bayanan da za a tara. In batun ya dace da abin da kake so, ka huta: ga kuɗin tafiye-tafiye, ga abokan aiki, ga damar buga maƙala tare da manya. In bai dace ba ka karɓa don albashi kawai, shekara huɗu kana noma gonar wani. Kuma tunda kuɗin a hannun farfesan yake, rabuwa da shi ba ta da sauƙi ko kaɗan.

Jamus tana da hanya biyu. Tsohuwar hanya ita ce mutum ya sami farfesa ɗaya ya amince ya zama "uban digirinsa", kamar yadda Jamusawa ke cewa, sannan ya yi aikinsa kusan shi kaɗai, yana riƙe da rabin aiki ko kashi 65 cikin ɗari a sashen, ko tallafi daga DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta Jamus, ko gidauniyoyin jam'iyyu irin su Friedrich Ebert da Konrad Adenauer. Sabuwar hanya ita ce makarantun digirgir masu tsari, kamar na Mannheim, inda ake kwasa-kwasai a shekarar farko, abin ya ɗan yi kama da na Amurka. Jami'o'in gwamnati galibi ba sa karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki sai ɗan kuɗin zango. Wani abu da baƙi ke mantawa: a Jamus sai an wallafa kundin kafin a ba mutum takardar shaida ya fara amfani da laƙabin, kuma ana ba kundi daraja, wadda masu ɗaukar aiki a can suke dubawa.

Akwai kuma Cibiyar Jami'ar Turai da ke kusa da Florence a Italiya, mai shirin shekara 4, inda yawancin tallafin ƙasashen Tarayyar Turai ne ke biya wa 'yan ƙasarsu, don haka sai a duba ko ɗan wata ƙasa ya cancanta kafin a wahalar da kai. Gurabe na shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai kuwa a buɗe suke ga ɗan kowace ƙasa, da sharaɗin kada ya kasance ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata.

Kare kundi a wannan yanki a bainar jama'a ake yi. A Holand ana ware lokaci ƙayyadadde, malamai cikin rigunan girma suna tambaya ɗaya bayan ɗaya, da lokaci ya cika sai jami'i mai sanda ya shigo ya yi shela da Latin cewa sa'a ta yi, ko da ana tsakiyar jimla a tsaya. Abin da ya sa ake iya yin bikin haka shi ne kwamiti ya riga ya karanta ya amince tun kafin a sa rana. Ainihin jarrabawar ta wuce a ɓoye.

Maganar kuɗi

Ra'ayinmu a nan ba shi da kwana: kada a yi wannan digiri da kuɗin aljihu ko bashi. Albashin da ke jiran mai shi a ƙarshe bai kai ya biya bashin shekara huɗu ko shida ba, kuma sashen da ya ɗauke ka bai ba ka ko sisi ba ya riga ya gaya maka matsayinka a wurinsa.

A Amurka, sassan kirki suna ba da yafiyar kuɗin makaranta, da alawus, da inshorar lafiya, galibi na shekara biyar, a madadin taimakon koyarwa ko bincike. Abin dubawa a takardar tayin ba adadin kuɗin kaɗai ba ne. Shekara nawa aka lamunta a rubuce? Alawus ɗin na wata tara ne ko goma sha biyu? Domin in na tara ne, hutun bazara kai za ka ji da kanka, kuma bizar ɗalibai ta F-1 ta taƙaita aiki zuwa awa 20 a mako a cikin harabar jami'a lokacin karatu. Zango nawa za ka koyar? Ɗalibin da ke gyaran takardun yara 75 kowane zango ba zai yi gudu ɗaya da wanda aka ba shekara biyu ba koyarwa ba. Sannan a auna kuɗin da hayar ɗaki a garin da jami'ar take, don alawus ɗin da zai wadatar a ƙaramin gari ba zai kai ko'ina a New York ba. Mai aure ya san cewa matar ko mijin da ya biyo mai bizar F-1 ba shi da izinin aiki, amma wanda ya biyo mai J-1, bizar musayar ilimi, yana iya neman izini.

A Birtaniya samun gurbi daban, samun kuɗi daban, kuma wannan ne ke ruɗa mutane. Jami'a za ta aiko da takardar taya murna ba tare da ta ce komai kan tallafi ba. Babbar hanyar tallafi a wannan fanni ita ce majalisar binciken tattalin arziki da zamantakewa, ESRC, ta hannun gamayyar jami'o'i. Mafi ƙarancin alawus na UKRI, uwar hukumomin bincike ta Birtaniya, a shekarar karatu ta 2024/25 fam 19,237 ne, ya koma fam 20,780 a 2025/26, ana ƙara wani abu ga mazauna Landan. Tun 2021 baƙi suna iya nema, amma an ƙayyade rabonsu zuwa kashi 30 cikin ɗari. Tarkon da ke ciki shi ne tallafin yana biyan kuɗin makaranta ne a farashin ɗan ƙasa. Wasu jami'o'i suna yafe ragowar, wasu ba sa yafewa. A tambaya a rubuce. Ga kuma kuɗin biza da harajin lafiya na fam 776 a kowace shekara ga ɗalibi, wanda ake biya dunƙule tun kafin a shiga jirgi, kuma kowane ɗan rakiya da nasa. Sauran ƙofofi su ne tallafin Commonwealth, Gates a Cambridge, da Clarendon a Oxford, dukansu masu tsananin gasa.

Kayan aiki, da inda kundi ke karyewa

Nan ne bambancin tsarin biyu yake fitowa a aikace. Ɗauki ɗalibin da ke son sanin dalilin juyin mulki. Ya zaɓi ƙasashe shida da aka yi juyin mulki, ya gano dukansu suna fama da hauhawar farashi, ya rubuta babi uku a kai. Mai jarrabawa zai yi masa tambaya ɗaya: ƙasashe nawa ne suka yi fama da hauhawar farashi soja bai fito ba? Tunda bai duba su ba, ba shi da abin cewa. Ko kuma wanda ya ga ƙasashen da suka fi samun tallafin waje sun fi dimokuraɗiyya, ya ce tallafi ne ya kawo ta, bai lura cewa mai yiwuwa masu ba da tallafin ne ke zaɓar ƙasashen da suka riga suka gyaru ba. A Amurka irin waɗannan kurakurai a ajin shekarar farko ake yin su, a kan takardar da ba za ta wuce teburin malami ba. A tsarin shekara uku, wanda ya zo ba horo yana iya gano su ne bayan ya dawo daga binciken fili.

Wanda ya zaɓi Turai kuma ya san horonsa da saura, akwai hanyar cike giɓi: makarantun bazara na dabarun bincike, irin na Jami'ar Essex, da na ƙungiyar binciken siyasa ta Turai, ECPR, da na cibiyar ICPSR a Jami'ar Michigan. Makonni kaɗan ne, ba za su maye gurbin shekara biyu ba, amma suna ɗaga mutum sosai. A tambayi sashen ko yana biyan kuɗinsu. Kuma tun kafin a rubuta daftari, yana da kyau a sauke bayanan da ake samu kyauta, kamar na V-Dem kan dimokuraɗiyya, na UCDP da ACLED kan rikice-rikice, ko na Afrobarometer da World Values Survey kan ra'ayin jama'a, a gwada ko tambayar tana da abin amsa ta. Mai yin hira da mutane ya sa a lissafi cewa sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince kafin ya yi hira ko ɗaya, kuma hakan yakan ci watanni in batun ya shafi rikici ko mutanen da ke cikin haɗari.

Masu falsafar siyasa lissafinsu daban ne. Su abin da suke buƙata malami ne da ya san marubutan da suke nazari, da harsunan da aka yi rubutun, da lokacin karatu. A gare su tsarin Ingila ba ya rage komai, gurabensu ne dai suka fi ƙaranci ko'ina.

Siffar kundin ma zaɓi ce. Ko a rubuta shi kamar littafi guda, ko a haɗa maƙaloli uku ko huɗu da gabatarwa. Na maƙaloli ya fi dacewa da masu aiki da lambobi, don kowace maƙala tana iya tafiya mujalla kai tsaye. Na littafi ya fi wa masu zurfafa nazarin ƙasa ɗaya ko biyu. Ba kowace jami'a ce ke karɓar duka biyun ba.

Bayan an gama

Kasuwar aikin koyarwa a jami'a matsattsiya ce a ɓangarorin biyu, kuma masu fitowa sun fi kujerun dindindin yawa. A Amurka kasuwar tana da kaka: tallace-tallace suna fitowa daga ƙarshen bazara, daidai lokacin babban taron shekara na ƙungiyar masana kimiyyar siyasa ta Amurka, APSA. Mai nema yana tafiya da maƙala ɗaya mafi ƙarfi daga kundinsa, in an gayyace shi ya gabatar da ita gaban sashen duka. Sunan sashen da mutum ya fito yana da tasiri mai yawa a can. Ƙananan jami'o'i suna ɗaukar 'yan manyan jami'o'i, akasin haka kuwa ba kasafai ba. A Turai abin da aka saba shi ne aikin bincike na wucin gadi na shekara biyu ko uku bayan digiri, wani lokaci sau biyu, a ƙasashe daban-daban, kafin a sami wurin zama. Don haka shekarun da aka rage a digiri sukan dawo ta bayan gida. Wanda ya gama a shekara uku ba maƙala ko ɗaya zai yi takara da wanda ya gama a shida da maƙala biyu da ƙwarewar koyarwa.

Wanda ya fito da ƙarfin ƙididdiga yana da mafita a wajen jami'a: kamfanonin ƙuri'ar jin ra'ayi, cibiyoyin nazarin manufofi, ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, sassan nazarin bayanai. Ga baƙo, izinin zama bayan karatu ma abin lissafi ne: Birtaniya tana ba mai digirgir shekara 3, Jamus wata 18 na neman aiki, Holand shekara 1, Amurka wata 12 na aikin horo ga yawancin masu F-1. Dokokin biza suna sauyawa, a duba na shekarar da ake nema.

Hanya mafi sauƙi ta auna sashe ita ce jerin inda ɗalibansa suka sami aiki cikin shekara biyar da suka wuce. A kwatanta yawan sunayen da yawan waɗanda ake ɗauka kowace shekara. In ana ɗaukar goma sha biyu, jerin yana nuna huɗu, a tambayi ina sauran takwas. Sannan a rubuta wa ɗaliban malamin da ake so, na yanzu da waɗanda suka gama, a yi musu tambayoyi masu amsa a lamba: kwana nawa yake ɗauka kafin ya mayar da babi, sau nawa kuke haɗuwa a wata, mutum nawa yake dubawa yanzu, akwai maganar zai bar jami'ar ko ya yi ritaya. Shahararren farfesa mai ɗalibai goma sha biyar da ke mayar da babi bayan wata huɗu ya fi matashin malami mai mayarwa a mako biyu cutarwa, musamman a tsarin shekara uku. A Amurka a tabbata akwai aƙalla malamai biyu ko uku a sashen da za a iya aiki da su, domin wanda ka zo dominsa yana iya tashi kafin ka kai ga kundi.

To wa ya dace da ina? Mai digiri na farko kawai, ko wanda digirinsa na biyu bai ba shi horon bincike ba, ko wanda ke da fanni a rai amma ba tambaya, ko mai burin koyarwa a Amurka, ya nufi Amurka ko ɗaya daga shirye-shiryen Turai masu kwasa-kwasai. Wanda ya riga ya rubuta kundin digiri na biyu mai ƙarfi, ya san malamin da yake so, shekaru kuma sun fara ja ko akwai iyali, Ingila da tallafi ko gurbin albashi a arewacin Turai ya fi masa. Neman duka biyun a shekara ɗaya yana yiwuwa, amma takardun ba sa musanyuwa. Takardar bayyana manufa ta Amurka tana son ganin tambayoyin da ke damunka da yadda kake tunani, daftarin Ingila yana son tsari kammalalle. Wanda ya aika wa Amurka tsayayyen daftari zai zama kamar ba ya son koyo, wanda ya aika wa Ingila takardar buri zai zama kamar bai shirya ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a fara shekara guda kafin wa'adi. Jami'o'in Amurka suna rufe karɓar takardu a Disamba ko farkon Janairu, da wasiƙun shaida uku, samfurin rubutu, sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS ga wanda ake buƙata, da jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri ta GRE a inda har yanzu ake nemanta, don sassa da dama sun mayar da ita zaɓi tun 2020. Masu rubuta wasiƙun a sanar da su wata biyu kafin lokaci, a ba su daftarin da jerin ranaku. Amsoshi suna fitowa a Fabrairu da Maris, kuma bisa yarjejeniyar da yawancin jami'o'in suka sa wa hannu, ba a tilasta wa kowa karɓar tayin tallafi kafin 15 ga Afrilu. Wa'adin tallafin Birtaniya ma yana faɗowa tsakanin Disamba da Janairu, amma sakamakonsa yakan kai Afrilu ko ya wuce. Gurabe na Holand da ƙasashen arewacin Turai kuwa ba su da kaka, suna fitowa duk lokacin da kuɗin wani aiki ya sauka. Saboda haka mai nema a wurare da yawa yana iya samun kansa a mako na biyu na Afrilu da tayin Amurka a hannu, na Birtaniya kuma shiru. In haka ta faru, a rubuta wa sashen na Birtaniya a faɗa musu akwai wani tayi da ranar da zai ƙare, a tambaye su matsayin sunanka a jerin tallafi da ranar da kwamitinsu zai zauna.